Ɗorin da Maƙeri Ya Yi wa Jif

Shekara uku na yi ina cin yabon da ba nawa ba, kuma har yau shi nake yi wa istigfari. Da zan iya goge abu ɗaya a rayuwata, wannan zan goge.

Ni bakanike ne, garejina na bakin hanyar Bosso a Minna. Shekarar da tafiyar Hajji ta faɗo a ƙarshen damina, wani Alhaji dillalin shanu da nake yi wa gyara ya zo da sassafe. Ya ce in raka shi rugarsu can bayan Kagara mu ɗauko mahaifiyarsa da za ta tafi Makka, don bai yarda da hanyar ba. Jirginsu zai tashi washegari, kuma an ce duk wanda bai shiga sansanin alhazai kafin magariba ba, a bakin kujerarsa. Tsohuwar nan ta tsufa tana tallan nono da burin wannan tafiya.

Motar tsohuwar jif ce mai ja da ƙafa huɗu. Lafiya muka je, muka ɗauko Inna da jakarta da ƙwaryar furarta. A dawowa, muna haurowa daga wani rafi wajen azahar, tayar gaba ta hagu ta faɗa rami. Muka ji ƙas, motar ta durƙusa. Na leƙa ƙasa, na ga lowa-am ya rabu biyu. Shi ne ƙarfen nan mai kama da gwafa da ke riƙe taya a jikin mota. In ya karye, tafiya ta ƙare.

Inna ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, mutuwa ta yi ko suma?"

Na ce, "Karaya ce, Inna."

"To, a kira mai ɗori mana."

Alhaji bai yi dariya ba. Wayarsa ba sabis, mai walda sai Kagara, can ma sai in da wuta. Na ɗaga motar da jak, na cire taya, na kwance notina, na zaro ƙarfen ina juya shi a hannu, ban san abin da zan yi da shi ba.

Muna haka sai ga wani dattijo daga ƙauyen da ke gefen hanya, Bakamuke, hannuwansa baƙi ƙirin da gawayi. Maƙerin garin ne. Ya karɓi ƙarfen, ya haɗa bakin karayar, ya ƙwanƙwasa ya saurara. Ya ce mu biyo shi.

Na ce, "Baba, wannan fa ba fartanya ba ce. Ƙarfen Turawa ne."

Ya ce, "Su Turawan da laka suka yi shi?"

Inna ta yi dariya har da tafi, ta sauko ta bi shi. Dole muka bi.

A maƙerar ya nuna wa Alhaji zuga-zugi. Mutumin da ko buta ba ya ɗauka da kansa ya naɗe babbar riga ya zauna yana zuga wuta, gumi na ɗiga daga gemunsa. Inna ta ce tun yayensa ba ta ga ya yi aiki irin na yau ba.

Abin da ya fara kashe min baki shi ne robobin da ke kan ƙarfen. Ban gaya masa wuta za ta cinye su ba, amma sai da ya naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma ya shafe da laka. Ya ɗauko wani tsohon sifirin mota da ya ajiye zai ƙera adda, ya yanko biyu, ya gasa su suka yi ja, ya lanƙwasa su daidai da jikin ƙarfen, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar karan ɗori. Ya huda su da zafinsu, ya zura ƙusoshi shida masu kauri, ya daddake kawunansu. Ni aikina riƙe awartaki.

Da ya gama na ɗauko ruwa zan kwara, don la'asar ta gabato. Ya buge min hannu.

"Oga bakanike, in ya sha ruwa yanzu, a Zungeru za ku kwana."

Ya binne shi cikin toka ya ce a jira. Alhaji na duba agogo, Inna kuwa ta dama fura ta miƙa wa maƙeri ludayi. Maƙerin ya ƙi karɓar komai daga hannun Alhaji. Ya ce da Inna, "In kin je, ki ambace ni kawai."

Na mayar da ƙarfen, na ɗaure. Tayar ta ɗan karkace, motar na tafiya a gicciye kamar ƙaguwa, amma tana tafiya. Duk ramin da muka wuce sai Inna ta ce, "Sannu, gurguwa." Muka wuce Tegina, muka haye gadar Zungeru. Ladan na gyaran murya muka isa ƙofar sansani. Inna ta sauka, ta shafa ƙeyar motar, ta shige da jakarta a ka.

Nan ya kamata labarin ya tsaya. Amma da na sa wa motar sabon ƙarfe, sai na rataye tsohon a bangon gareji. Duk wanda ya tambaya sai in ce ni na ɗora shi a daji. Direbobi suka riƙa kawo abokansu kallo, ni kuma ina ƙara gishiri.

Da Inna ta dawo, Alhaji ya kawo min dabino da hula. Ya kuma ba ni farin hirami da gorar Zamzam, ya ce, "Wannan na maƙeri ne. Ta ce ta ambace shi a gaban Ka'aba. Kai ka fi ni zuwa wajen, ka kai masa." Na sa a akwati. Kullum sai in ce sai hanya ta bushe. Gaskiyar ita ce kunyar haɗa ido da shi nake ji.

Sai a shekara ta uku na je. Na tarar da maƙerar ta rushe, maƙerin ya rasu da bazara. Matarsa ta karɓi hiramin ta shinshina, ta ce har ya bar duniya yana ba da labarin motar Makka, yana cewa ko tsohuwar nan ta samu jirgi.

Ƙarfen na nan a bango, amma yanzu duk mai tambaya ina gaya masa mai aikin. Ina roƙonku, in wani ya fitar da ku kunya, ku faɗi nasa tun yana ji. In kuma an ba ku saƙonsa, kada ku jira hanya ta bushe.