Baƙi a gonar gerona

'Yan guruf, yau aka ce ɓarayi sun shiga gonata.

Tun da mashin ya karya mini ƙafa nake kwance a Jabo, ba mai leƙo ni, ga gero ya nuna. Da hantsi maƙwabcina ya faɗo ɗaki yana haki: "Wasu baƙi na girbe maka hatsi!"

Ya goya ni muka je. Wani dattijo ya ɗago ya ce, "Kai ne mai ƙafa? Mu 'yan guruf ɗinku ne na waya, a ciki munka ji labarinka. Daga Kebbe muke. Gayya munka zo."

Na ce ba ni da abin ciyar da 'yan gayya. Ya nuna mini furar da suka taho da ita.

Sun kawo geron har gida, sun tafi. Ɗakin ya sake yin tsit. Sawunsu na nan a ƙofar gida, na hana a share.