Kwalbar Anti Ma'auni

A ɗakin gwajin ƙwayoyin halitta ba mai kiranta da sunan yanka, Anti Ma'auni ake ce mata. Shekara goma sha takwas ke nan da aka nemi jinin mai lafiya da za a riƙa gwada na marasa lafiya da shi, ta naɗe hannun riga ta ce a ɗiba, ai ko ciwon kai bai san hanyar gidansu ba.

Aikin nata na haƙuri ne. Ta tace jini, ta yawaita ɗan yankin ƙwayar halittar da likita ke zargi, ta ɗiga shi a farantin gwaji kusa da nata, ta kunna wuta. In layukan da suka fito a farantin suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, lafiya lau. In na mutum ya goce ko da kaurin gashi ne, to akwai harafin da ya sauya a rubutun halittarsa. Har gida abin ya bi ta. Mijinta ya ce miya ta yi gishiri, sai ta ce, "Malam, da bakin wa ka auna?"

Sai aka kawo sabuwar na'ura mai karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya. Da me za a fara gwada ta in ba da kwalbar jinin Anti ba? Na'urar, da yake ba ta san girma ba, ta nuna harafi guda da ya kauce, a yankin da ke jawo wani ciwon zuciya na gado.

Anti ta ce injin ne bai waye ba. Aka sake sau uku, bai canza magana ba.

Ta kwashe fayiloli, ta tarar sau ɗaya tak aka taɓa duba yankin da tsohuwar hanya: wani malamin motsa jiki, shekara shida baya. Layinsa ya saɓa da nata, ta rubuta cewa shi ke da matsala, aka hana shi motsa jiki. Ta ciro ragowar jininsa daga firiza ta ba na'ura. Garau yake.

Ba ta aiki kowa ba. Ta same shi a ofishin makarantarsu yana buga hatimi, ya yi tumbi, usur ɗinsa rataye a ƙusa. Ta faɗa masa komai a tsaye, kunya kamar ta nutse.

Ya daɗe yana kallon filin wasa ta taga.

"Shekara shida ko bene ba na hawa da sauri," ya ce.

"Ka yafe mini, ɗana. Laifina ne."

"Na yafe. Amma Anti, in ba ni ba ne, ke ce ke nan. Kin ga likita?"

Kwana tara tana wannan hidima, abin bai taɓa zo mata a rai ba. Ya jawo mata kujera, ta zauna.