Akuyar Da Na Je Mayarwa

Na tuba a cikin damina, a shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun talaka a Jos. Lokacin ina aikin kafinta a Anguwan Rukuba, da mata da 'ya'ya uku, na doshi shekara arba'in. Ba wani abin al'ajabi ne ya same ni ba. Aikin bencuna aka ba ni a wani ƙaramin coci da ke bayan shagona, kullum da yamma ina buga ƙusa ana wa'azi a kaina, har wata Laraba na ajiye guduma na je gaba na durƙusa. Daga ranar na bar burukutu. Matata ta yi mako biyu tana shinshina bakina kafin ta yarda.

Sai aka sa mu ajin masu shirin baftisma. Faston namu siriri ne, mai tabarau da taushin murya, amma idan ya faɗi magana ba ya janyewa. Ya ce mana wanda ya tuba da gaske sai ya waiwaya baya, ya ga abin mutane da ya taɓa ɗauka, ya mayar. Ina zaune a kan bencin da na yi da hannuna, sai wata jar akuya ta faɗo mini a rai.

Abin ya kai shekara goma sha biyu a lokacin. Ranar jajibirin Kirsimeti ne, da rana tsaka, ni da wani abokina muna shan burukutu a wani gida kusa da Abattoir, wato unguwar mayanka. Abokin nawa gajere ne, kuma ba ya iya riƙe sha, ƙwarya uku sai ya miƙe a benci yana minshari. Na fita bayan gida in rage ruwa, na ga akuya ɗaure a wani turke bayan rumfar wani dattijon mahauci da kowa ya sani. Na kwance ta. Na ja ta a bakin titi ina gaishe da mutane suna amsawa, wani ma ya ce mini an yi sayayya mai kyau. Da yamma muna cin farfesunta abokina ya farfaɗo ya tambaye ni ina aka samo nama. Na ce masa, "Ai kai ka kwanto ta a bayan rumfar Baba mahauci. Ka manta?" Ya dafe kai, sannan ya miƙo kwano a ƙara masa. Bayan nan ya sami aiki a Vom, muka rabu, ban sake tuna maganar ba.

Bayan maganar Fasto na je kasuwa na zaɓi akuya ja, mai kama da waccan gwargwadon abin da na iya tunawa. Da na shigo da ita gida matata ta tsaya da muciya a hannu.

"Baban yara, tun da ka auro ni ko kaza ba ka taɓa shigowa da ita gidan nan ba. Yau akuya?"

Na ce mata ba tamu ba ce, ta wani mahauci ce da na yi wa sata tun kafin a haifi babbar 'yarmu.

Ta ce, "To, Allah ya sa watarana ka tuna abin da ka ɗauka nawa."

Washegari na tari ɗan acaɓa, muka ɗora akuyar a tsakaninmu. Tun daga Anguwan Rukuba har Abattoir tana tauna wuyan rigarsa yana cewa, "Oga, ka yi wa fasinjanka magana." Rabona da wajen tun kafin rikicin da ya sa kowa ya koma gefen nasa. Na sami mahaucin yana nan. Ya tsufa, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare, 'ya'yansa ne ke sara nama shi kuma yana zaune a kujera yana kallonsu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, gafara na zo nema. Shekarun baya, ranar jajibirin Kirsimeti, ni na sace maka akuya a bayan rumfar nan. Yanzu na tuba, na karɓi Ubangiji. Ga madadinta."

Ya dube ni, ya dubi akuyar, ya ce, "Ba kai ba ne."

Na ce, "Baba, ni ne."

"Ɗana, ɓarawon akuyar nan ya riga ka zuwa. Wani gajere ne, daga Vom. Ya zo nan yana kuka har da majina, da galan ɗin madara a hannunsa. Na yafe masa a gaban mutane."

Na yi masa bayani cewa gajeren barci yake yi lokacin da aka yi satar. Ya girgiza kai.

"Ni dai ba na yafe laifi ɗaya sau biyu. Ku je ku daidaita a tsakaninku, wanda ya yi ya dawo."

Haka na komo da akuyata. Na biya ta coci na ce wa Fasto in bar ta a matsayin baiko, wato kyautar da ake ba coci, ya ƙi. Ya ce wannan ba baiko ba ce, kayan mutane ce, kuma coci ba ma'ajiyar kayan sata ba ne. Na ce ai ba ita aka sata ba, wadda aka sata mun cinye ta. Ya cire tabarau ya goge, ya ce duk da haka. Ya ce in je in sami abokina, don shi ma akwai abin da na ɗauka nasa.

Akuyar ta yi kwana shida a gidanmu. A kwana shidan nan ta ci ganyen ugu na miya da maƙwabciyarmu ta shuka a bokiti, ta ci sabulu, ta ci gefen zanen zumuntar matan coci da matata ta shanya. Ranar Asabar matata da kanta ta riƙe igiya ta raka mu tasha. Direba ya sa akuyar a but ɗin mota tare da buhunan dankali, muka kama hanyar Vom.

Na sami abokina a bayan wata gonar shanun madara inda yake aikin tatsa. Ya yi ƙiba, ya yi sanƙo, kuma ya zama dattijon coci. Ya rungume ni yana ta godiya ga Ubangiji da ya ji na tuba. Matarsa ta kawo mana gwaten acca mai zafi. Sai da na ci rabin kwano sannan na iya buɗe baki.

"Ɗan'uwa, akuyar nan ta Kirsimeti. Ba kai ka sace ta ba. Ni ne. Kana barci, na yi maka ƙarya."

Ya ajiye cokali. Na zaci zai yi murna, har na shirya yadda zan karɓi godiya. Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Wane irin magana ne wannan? Ni na sace shi. Ina tuna igiyan a hannuna."

"Ba ka taɓa igiyar ba."

"Ina tuna yadda ya yi kuka! Ina tuna mutane suna kallona!"

Ashe akuyar nan ita ce shaidarsa. Ita ta hana shi barci shekara da shekaru har ta kai shi ga tuba. Duk ƙauyen da aka je wa'azi a kewayen Vom, shi ake kira ya tashi ya ba da labarin yadda Shaiɗan ya sa shi satar akuya ranar jajibirin haihuwar Mai Ceto. Ya ce mutane suna kuka idan ya zo wurin igiyar. Ya ce akwai waɗanda suka bar sata saboda labarin.

"Yanzu ka tuba jiya jiya, ka rasa zunubin da za ka kawo, sai nawa?"

Na rantse masa da gaskiyata, ya rantse da tasa. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon manyan mutane biyu suna jayayya, kowa yana cewa shi ne ɓarawo. A ƙarshe ita ta ce mu je wurin mai akuyar ya raba mu.

Ranar Litinin da hantsi muka isa Abattoir, ni da shi da akuya. Kafin mu gama gaisuwa mahauta sun kewaye mu, wasu da wuƙaƙe a hannu don ba su sami inda za su ajiye ba. Baba ya sa aka ba mu benci. Na fara, na kwatanta turken da irin ƙullin igiyar, na ce akuyar tana da tsaga a kunnen hagu. Abokina ya miƙe ya ce kunnen dama ne, ya kwatanta yadda ta turje a bakin kwalbati, ya yi kukanta da bakinsa. Gaskiya ya fi ni iya ba da labarin, ya daɗe yana yi. Wani mahauci ya ce shi dai ya fi yarda da gajeren. Na ji haushi ƙwarai.

Baba ya fara dariya a hankali, har ta zama tari, aka kawo masa ruwa. Da ya sami numfashi ya ce, "Ku zauna, 'ya'yana. Ni tun ina saurayi naman sa nake sayarwa. Ban taɓa mallakar akuya ba a rayuwata."

Abokina ya ce, "Amma Baba, ka yafe mini."

"Na yafe maka mana. Mutum ya taso tun daga Vom yana kuka, da madara a hannu, in ce masa ya koma? Yafiya kake nema, ina da ita, na ba ka."

Na ce, "To ni me ya sa ka hana ni?"

"Da na ga na biyu ya zo, sai na ce abin nan zai zama layi. In na karɓi akuyarka, gobe na uku ya zo da rago, me zan ce wa Allah?"

Na tambaye shi ko ya san mai ita. Ya ce turken nan na kowa ne, mutanen ƙauye ke ɗaure dabbobinsu a wurin idan sun kawo sayarwa, su shiga neman mai saye. Na ce ko ya tuna wani da ya yi cigiya a shekarar. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Ɗana, kowace Kirsimeti akwai mai kuka a bayan rumfar nan. Yawanci tsofaffin mata ne. Wace zan tuna maka?"

Wannan maganar ta fi komai yi mini nauyi. Duk kwanakin nan ina ganin mai arziki na yi wa sata, wanda akuya ɗaya ba za ta dame shi ba. Yanzu sai ga wata tsohuwa a idona, wadda ban san fuskarta ba, ta dawo ta sami turke babu komai, ta koma ƙauye da ƙafa.

Muka fito muka zauna a kan wani dutse a bakin titi. Abokina yana ta kallon takalminsa. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ka yafe mini. Na ɗora maka kayan da ba naka ba, ka yi shekaru kana ɗauke da shi."

Ya ce, "To ni a kan me na tuba ke nan?" Ya fara lissafa wa kansa da yatsu: shan da ya yi, zagin da ya yi wa mahaifinsa, wata yarinya da ya yaudara a Bukuru. Yatsun hannu ɗaya suka ƙare ya koma ɗayan. Sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Akwai saura da yawa. Tuban yana nan." Ya kama hannuna ya yi mana addu'a a wurin, motoci suna wucewa, akuya tana cin ciyawar gefen kwata. Ya ce ya yafe. Ya kuma ce naman dai ya ci, har kwano biyu, saboda haka kada in yi tsammanin zai fita daga labarin gaba ɗaya.

Na koma wurin Fasto na zayyana masa komai. Na ce masa ban san wanda zan mayar wa ba, kuma ina ganin ban cancanci shiga ruwa ba. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Ka nema iyakar ƙafarka. Inda ƙafarka ta tsaya, ka bar wa Ubangiji. Shi ya san matar, ya san gidanta, ya san yadda ta yi Kirsimetin nan. Kai ba za ka sani ba. Ka daina jan akuya a gari."

Ya ce in kai ta wurin wata gwauruwa a cikin ikilisiyarmu, tsohuwa mai sayar da gasasshiyar masara. Labarin ya riga ni isa wurinta. Ta ƙi karɓa sai da na kawo mutumin da ya sayar mini da ita ya tabbatar da bakinsa cewa wannan ba ta sata ba ce. Ko da ta karɓa, sai da ta duba kunnuwanta duka biyu.

An yi mana baftisma ranar wata Lahadi da safe a wani rafi bayan gari, mu tara. Ruwan Jos a ƙarshen damina sanyinsa har cikin ƙashi. Fasto ya shiga har ƙugu yana rawar ɗari, mata suna waƙa a bakin gaɓa da gangunansu na tukunya. Da layi ya zo kaina ya tambaye ni ko na bar tsohuwar rayuwa. Na ce na bari. Ya dafa ƙeyata ya tura ni ƙasa, santsin dutse ya kwashe shi, muka nutse tare. Dattawa biyu ne suka tsamo mu. Wasu suka ce a sake, don ba a san wa ya yi wa wani ba. Fasto ya tofar da ruwa, ya laluba tabaransa, ya ce baftisma ta yi.

Na fito haƙorana suna kaɗawa. Matata ta yafa mini tawul ta miƙo mini shayi a murfin fulas. Na zauna a kan ciyawa ina sha, ina kallon ana nutsar da na bayana, wani ƙaton direban tifa da ya ƙanƙame wuyan Fasto yana cewa a yi a hankali.