Ranar da Ban Ƙulla Igiya Ba

Jiya na ji ɗan akuya yana kuka a bayan katangar ofishinmu, irin kukan wanda aka raba da uwarsa. Na ajiye biro na saurara har ya yi shiru.

A gidanmu na Ƙofar Gayan, duk yarinyar da ta kai shekara tara sai Kaka ta ba ta akuya ta kiwata. Tawa ja ce, ga kwaɗayi kamar mai ita. Idan ka tashi a cikin birni ka san dokar damina: da zarar an yi shuka, kowace akuya sai turke, har a yi girbi.

Wata safiya ƙawayena suka leƙo za a tafi tsinkar tafasa. Don sauri na naɗa igiyar a turke ban ƙulla ba. Kafin azahar akuyar ta faɗa garkar wani dattijo maƙwabcinmu, ta aske masa masarar da ko gwiwa ba ta kai ba. Ya ɗaure ta a zaurensa, ya aiko cewa ba ya neman komai, mai akuya dai ta zo da kanta ta ba da haƙuri.

Inna ta jawo mayafi. Kaka tana tsigar zogale, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ina zuwa?"

"In karɓo mata. Ai yarinya ce."

"Ke kika sake ta? Ajiye mayafin nan. Ƙafar da ta kai ta yawo ta san gidan Malam."

Ni kuwa tsoro da taurin kai suka haɗu mini. A lissafina, wani zai gaji ya je. Ga shi akuyar ta bar ɗa a gida, kwanansa biyar a duniya. Yini ya yi yana kuka. Inna ta riƙa fakar idon Kaka tana ɗiga masa koko da yatsa, yana tofarwa. Washegari aka yini ana yayyafi, muryarsa ta dushe. Ina ji, na shige ɗaka na toshe kunne. Safiya ta uku muka tarar da shi a miƙe gindin turke, ya mutu.

Sai a lokacin na tafi. Na durƙusa, ban ma gama magana ba dattijon ya kwance ta ya miƙo mini igiyar.

"Ai tun shekaranjiya nake jiranki," in ji shi.

Akuyar ta dawo hantsa cike, tana zagaya turke tana shinshina ƙasa. Na yi kuka, kuma na daɗe ina jin haushin Kaka. Ita ba ta taɓa tayar da zancen ba. Inna ta yi mako ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa ta da Kaka.

Yau ɗana shekararsa goma sha huɗu. In ya manta littafi, ni ke hawa keke Napep in kai masa makaranta. In ya yi wa malami rashin kunya, ni ke zuwa ban haƙuri. Har yanzu ban yanke wa kaina ko Kaka ta yi daidai ba, na dai san hanyar Inna na bi. Makon jiya ya fasa gilashin motar maƙwabci da ƙwallo. Kafin ya gama ba ni labari na riga na sa takalmi. Ya koma ya zauna, bai ko tambaya ko ya biyo ni ba.