Kwanon Ɗan Toka

Wata Asabar ce da safe, lokacin dashen tumatir na shekarar 1986, ina da shekara tara, aka aike ni in kai wa Baba koko a gona. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, hanyar gonarmu kuma ta bi ta gefen kanal, inda ruwan madatsar Tiga ke wucewa shiru kamar mai tafiya cikin barci. Ranar aka sako wa ɓangarenmu ruwa. Na tarar da Baba tsugune a bakin kwalbati, ya naɗe hannun riga, yana ciro kara da ciyawar da suka toshe hanyar ruwan. Ina ajiye kwano sai na ga ya ɗago wani abu mai launin toka yana ɗiga. Na ɗauka tsumma ne, sai da tsumman ya yi atishawa. Ɗan kwikwiyo ne, bai fi tafin hannun Baba biyu ba, yana rawar sanyi, idonsa a kaina kamar ni ya zo nema. Na kwance ɗankwalina na naɗe shi kafin kowa ya ce mini komai. Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Uwata, ni ba zan hana ki ba, gonar nan ma tana buƙatar mai gadi. Amma kin san mai gidan."

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ita ce mai gidan da yake nufi. Iya, kakata, mace ce 'yar siririya mai tsananin tsabta, wadda ko kaza ba ta isa ta leƙa randarta ba. Da muka isa gida ta tsaya daga cikin soro ta dubi abin da na rungumo, ta dubi ɗankwalin, ta ce in fara kai shi wanki. Daga nan ta kafa sharaɗinta, ba ta ɗaga murya ba. Kare zai zauna a waje, bayan soro, har ya girma a kai shi bukkar gona. Ba zai taka tsakar gida ba. "Ranar da harshensa ya taɓa kwanon gidan nan, ko moɗa, ko buta, ranar zai bar mana gida. Kin ji ni, takwara?" Na ce na ji. Ta ƙara da cewa duk mazubin da kare ya lasa sai an wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ita kuwa ƙarfin wannan wanki ya ƙare mata.

Haka na shiga rayuwar fargaba. Na sa masa suna Ɗan Toka, na gyara masa wuri a gindin dalbejiyar ƙofar gida da tsohon kwandon tumatir da buhu. Ban san komai game da renon kare ba, a gidanmu ba wanda ya sani. Wadda ta koya mini ita ce Maman Ladi, wata mata Kirista 'yar wajen Filato, mai sayar da shinkafa da manja a bakin titi inda motocin tumatir ke lodi. Mijinta yana cikin masu buɗe ƙofofin ruwa, kuma suna da karnuka biyu da ke zama in ta ce su zauna. Ita ta ce kada in ba shi tuwo tukuna, in fara da koko mara tsami da ɗan nonon akuya, sau huɗu a yini, a wuri ɗaya kullum. Da ya yi haƙora ta ce in jiƙa masa ƙanzo, ta riƙa ajiye mini kan kifi a ganye. "Kada ki doke shi, 'yata," in ji ta. "In kin doke shi tsoronki zai koya, ba abin da kike so ba." Mazubinsa wani tsingaron tukunya ne da na tsinto a bayan gida.

Koya masa kada ya shiga gida shi ne aikin da ya fi cin raina. Kullum da yamma, bayan na dawo daga makarantar allo na kuma ɗebo ruwa, sai in tsaya cikin soro in kira shi. In ya ɗora ƙafa a dokin ƙofa in ce "koma!" in mayar da shi, in ya tsaya daga waje in ba shi ɗan ƙuli-ƙuli. Sau ashirin, sau talatin, har ya gane. Amma gane abu daban, ƙamshin miyar Inna daban. Sau biyu na kama shi a tsakiyar soro yana shinshina iska, na sunkuce shi na fita kafin Iya ta sallame salla. Ga kuma ƙanwata Larai, 'yar shekara uku, wadda ba ta san wani sharaɗi ba. Duk abin da aka ba ta sai ta fita da shi ta ce na Toka ne. Na sha ƙwace ƙaramin kwanonta ana saura kiris. A makaranta malam yana rubutu a allo, ni hankalina yana ƙofar gida. Ƙawayena suna wasan gaɗa lokacin tara, ni ina tunanin ko Larai ta farka. Sun riƙa tsokanata da "uwar kare", ban taɓa jin haushi ba.

Da tumatir ya fara nuna, Ɗan Toka ya yi wata uku, ƙafafunsa sun yi tsawo, kunnensa ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Ya san sunansa, ya san "zauna", ya daina bin kaji. Yana raka ni gona ya tsaya yana haushin bututan robar da ake jan ruwa da su daga kanal zuwa kunya, kamar macizai ne suka fito shan iska. Sai wata rana jakin maƙwabta ya taka tsingaron nan ya yi raga-raga. Da na nemi wani da na samu, ba a rasa fasasshiyar tukunya a ƙauye. Amma ni na riga na daɗe ina jin kunyar tsingaron. Karen da ya koyi zama da tashi, a ganina, ya cancanci kwano na gaske, mai ƙyalli, irin na mutane.

A bayan bukkar gonarmu akwai gwangwanayen maganin feshi da suka ƙare. A lokacin ba wanda ke yar da su. Wasu na zuba kananzir a ciki, wasu na ɗiban ruwa da su, na sha ganin leburori suna sha da su a bakin kanal. Na zaɓi wani babba da aka riga aka yanke wa kai, takardar jikinsa ta ɓare, yana walƙiya a rana. Na ji warin maganin, ban kuwa damu ba, don na san dabarar. Na tsuguna a bakin kanal na wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, ina ƙirgawa a bayyane kada in yi kuskure. A ƙaramin hankalina, wankin da ke tsarkake abu daga yawun kare ba abin da zai gagare shi. Na koma gida ina murna, ban gaya wa kowa ba.

Washegari da na dawo daga makaranta na zuba masa koko mai ɗumi da ƙanzo a sabon kwanon. Ya shinshina ya ja da baya. Na lallashe shi, na kira sunansa da muryar da yake so, na tsoma masa ƙuli-ƙuli a ciki. Ya dube ni, sannan ya sunkuya ya cinye. Wannan kallon har yau ina ganinsa.

Ban gama cire kayan makaranta ba na ji wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Na fito na same shi a kwance a gefe ɗaya, yawu yana dalala daga bakinsa, jikinsa gaba ɗaya yana karkarwa, ƙafafunsa na baya suna shure-shure. Ya yi ƙoƙarin tashi ya zo wurina ya faɗi. Baba yana gona ana lodin kwanduna, titi da nisa. Ban tsaya tunani ba, na ɗauke shi na ratsa soro da gudu, na dire shi a tsakar gida a gaban tabarmar Iya, wurin da na yi wata uku ina hana shi zuwa. Inna ta saki muciya ta yi salati. Iya ta sunkuya ta shinshina bakinsa sau ɗaya, fuskarta ta canza. Ta tambaye ni a me ya ci. Na gaya mata, na ce ai na wanke sau bakwai. Ta rufe ido na ɗan lokaci. Da ta buɗe, abin da ta fara cewa shi ne, "Ina Larai?"

Sai a lokacin na tuna. Na bar gwangwanin a gindin dalbejiya da sauran koko a ciki, Larai kuwa ba ta ɗaki. Inna ta fita ba mayafi, abin da ban taɓa gani ba. Na ji tana kiran sunan yarinyar, muryarta tana fashewa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, ni dai na ga kamar rana ta tsaya. Can ta shigo da ita a kafaɗa, ta same ta a gidan maƙwabta tana wasan 'yar tsana. Iya ta buɗe mata baki ta shinshina, ta shinshina tafin hannuwanta biyu, ta duba rigarta, sannan ta zauna daɓas ta ce alhamdu lillahi sau uku. Na yi zaton shi ke nan, an gama da maganar karena, za a ce in fitar da shi ya mutu a waje.

Iya ta miƙe ta shiga ɗakinta. Ta fito da ƙwaryarta ta fura, mai zanen wuta a jiki, wadda ko Baba ba ya sha da ita. Ta ce wa Inna ta daka gawayi ya yi laushi, ni kuma in ruga in kira Maman Ladi. Na yi gudun da ban taɓa yi ba, ta gefen kanal, ta tsakanin kwandunan tumatir, ina kuka ina haki. Maman Ladi ta bar tukunyarta a wuta ta ɗauko kwalbar manja ta biyo ni. Muka tarar Iya ta dama gawayin da ruwa a ƙwaryar, ta tsaya riƙe da ita ta rasa ta inda za ta fara, don ba ta taɓa taɓa kare ba a rayuwarta. Maman Ladi ta durƙusa ta gaishe ta a gurguje, ta ce, "Iya, ni zan buɗe bakin, ke ki zuba a hankali, ta gefe." Haka suka yi, suka bi shi da manjan. Ya yi amai, suka ƙara. Ya sake yi, suka ƙara. Yawunsa ya ɓata hannun Iya har gwiwar hannu, ba ta ko duba ba. Daga baya, da na yi karatu, na ji an ce manja ba maganin guba ba ne. Wataƙila gawayin ne, wataƙila wankin nan nawa ya rage wani abu, wataƙila dai kwanansa ne bai ƙare ba.

Daga nan sai jira. Aka kira la'asar, Iya ta wanke hannu ta yi salla ta dawo ta zauna. Baba ya shigo ya ga kare a tsakar gidansa da mata huɗu kewaye da shi, Inna ta ja shi gefe ta gaya masa. Ya fita, na ji ƙarar dutse a kan gwangwani, yana fasa shi. Ni ina zaune na ɗora hannu a haƙarƙarin Ɗan Toka ina bin numfashinsa, kowane ɗaya ina tsoron shi ne na ƙarshe. Karkarwar ta riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Dab da magariba ya buɗe ido, ya ɗaga kai da ƙyar, ya miƙa wuya ya lashi ruwan da ke cikin ƙwaryar Iya, a gaban idon kowa.

Na kasa ɗaga kai. Ya rayu, amma ya taka tsakar gida, ya kuma sa harshe a mazubin da ya fi kowanne daraja a gidan. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Iya, maganarki tana nan. Gobe sai in nemi wanda zai karɓe shi." Iya ta dube shi kamar ya faɗi wani shirme. Ta ce, "Shi ya shigo da ƙafarsa? Ɗauko shi aka yi. Shi ya je ga ƙwaryar? Ni na kai masa. Karen nan bai saɓa mini ba, mu muka saɓa masa." Ta tura ƙwaryar da ƙafa zuwa wajena. "Ɗauki, takwara, ta zama tasa. Ku fice mini daga tsakar gida, ke da shi, kuna ta warin magani." Maman Ladi ta fashe da dariya, ni kuma na fashe da kuka.

Ya yi mako biyu kafin ya tsaya sosai, kuma ƙafarsa ta baya ba ta daina ɗan rawa ba har tsufansa. Da aka yi girbin alkama ya koma bukkar gona, ya yi shekara tara yana gadinta. Iya ba ta ƙara taɓa shi ba, amma kullum sai ta tambaya ko an kai masa abinci.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta a Kumbotso, ina haya a wani gida mai ɗakuna da yawa inda kowa ke rufe ƙofarsa. Iya ta rasu, su Maman Ladi sun koma garinsu tun da daɗewa, Larai ma ta yi aure, ba ta tuna komai daga wannan rana. In na je gida nakan zauna a tsakar gidan, an shafe shi da siminti, ya yi mini ƙanƙanta. Kowa yana sauri, ni ma haka. Tun daga wannan yammacin ban sake ganin manya sun ajiye aikinsu sun zauna a ƙasa suna jiran numfashin wata 'yar halitta da ba ta iya gode musu ba. Na yi sa'a da na gani sau ɗaya.