Malam Muzammil Mai Tace Iri

Malam Muzammil na Hajj Abdalla ya shekara arba'in yana tace irin dawa. Ban ce yana da tsanani ba, amma baƙon kara bai taɓa kwana a gonarsa ba.

Da ƙullutu ya fito masa a wuya, likita a Madani ta yanki kaɗan don gwaji. Ta ce in ƙwayoyin duk zuriyar ƙwaya ɗaya ne, ciwon daji ne. In gauraye ne, kumburi ne kawai.

Bayan mako uku ta ce, "Baba, albishir, gauraye ne."

Ya yi jim. "Ɗiyata, a sake dubawa. Mu gidanmu ba ma gauraye."

Matarsa Sakinatu ta ɗauki sandarsa ta fita. Dole ya bi ta.