Wa Zai Ɗaga Abukari?

Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa da wake a bakin hanyar Moshi Zongo ya san Salimatu, doguwar mata mai kaurin damtse, marar yawan magana. Ba tukunya kaɗai ta ba ta wannan damtsen ba. Mijinta Abukari tela ne a da. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ita ke ɗaga shi, ta yi masa wanka, ta juya shi, ta ba shi koko a baki. Allah bai ba su haihuwa ba. Harshensa ya yi nauyi, ba mai gane maganarsa sai ita.

Ciwon ya fara mata ne a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Da ta ci abu mai maiƙo sai ya murɗe ta, ya harba har kafaɗa, ta durƙusa bayan teburinta tana amai. Ta sha jiƙo, ta sha rubutu, ta sha ƙwayoyin kemis, duk a banza. Da abin ya ci tura, ta hau yalo-yalo, ɗan keken haya mai ƙafa uku, ta tafi asibiti, aka yi mata hoton ciki.

"Mma, duwatsu ne a matsarmamarki," in ji likitan. "Sai an cire ta gaba ɗaya. Mutum yana rayuwa lafiya lau ba tare da ita ba."

"In an cire, yaushe zan iya ɗaukar kaya mai nauyi?"

"Sai bayan makonni."

"Dokta, ni kayana mutum ne."

Ta yafa gyalenta ta fita, ba ta koma ba.

Haka ta yi ta daurewa har idanunta suka koma ruwan ɗorawa, zazzaɓi ya zame mata abokin zama. Ran nan da hantsi ta ciccibo Abukari daga wurin wanka, ciwon ya soke ta, suka zube tare a tsakar ɗaki. Ta yunƙura, ƙafa ta ƙi. Ta buɗe baki, murya ta ƙi. Abukari ne ya jawo kwanon sha da hannunsa mai rai, ya yi ta buga shi a siminti yana gurnani har maƙwabta suka ji.

A asibiti aka ce matsarmamar ta kumbura ta yi ruwa, jira ya ƙare. Salimatu ta ce ba mai taɓa ta sai an kira Ziblim, ƙanen mijinta mai sayar da doya a unguwar Gurugu. Da ya zo, ta damƙe masa riga.

"Ziblim, yayanka ne. Ka riƙa juya shi. In ya ce 'ba', ruwa yake so. Kada ka bari wani ya ga tsiraicinsa, don girman Allah."

"Na ji, Mma Salimatu. Ki sake ni su yi aikinsu."

Yanka babba aka yi mata, ta daɗe a kwance. Kullum Ziblim ya zo dubiya sai ya ce, "Yana nan lafiya," idonsa a ƙasa.

Ranar da aka sallame ta, kai tsaye Gurugu ta nufa, gidan Ziblim inda aka mayar da mijinta. Ta tarar Abukari ya zama ƙashi da fata, ga gyambo a bayansa. Tun tafiyarta ya ƙi abinci, sai ɗan ruwa. Ta sunkuya za ta ɗaga shi, ɗinkin ya ja ta, ta faɗi zaune ta fashe da kuka.

"Maigida, ba zan iya ba. Wallahi ba zan iya ba."

Ziblim ya matso a hankali. Ta nuna masa inda zai sa hannu, ya tallafo yayansa ya jingina shi a ƙirjinsa. Abukari ya kawar da kai don kunya, hawaye na zuba. Ta miƙa cokali, ya daɗe yana kallonta kafin ya buɗe baki.

Ba su koma Moshi Zongo ba. Ciwon cikin ya tafi, amma gyambon Abukari ya ci watanni kafin ya kame. Yanzu a ƙofar gidan Ziblim take kafa ƙaramar tukunya, inda za ta ji in mijinta ya kira.